Benci a ƙwallon kwando: wane gurbi ya kamata a fara cikewa? Tambayoyi da amsoshi

Da zarar kakar wasa ta ƙare, gardama ɗaya ce ke tashi a fadodin masu bin ƙwallon kwando a Yamai, ko a kan kulob na gida ake magana ko a kan na NBA, babbar gasar Amurka, da ake hana ido barci dominsu har ƙarfe uku na dare: wa za a ɗauko? Biyar ɗin farko kowa ya san su. Rigimar tana kan waɗanda ke zaune a benci. Ga tambayoyin da aka fi yi, da yadda nake ganin amsarsu.

Ai biyar ɗin farko ne ke cin wasa. Mene ne amfanin kashe kuɗi a kan wanda zai zauna?

Wannan tunanin ƙwallon ƙafa ne, inda wanda aka fitar ya fita ke nan har a tashi. A ƙwallon kwando canji ba shi da iyaka. Mutum ya fita, ya sha ruwa, ya dawo, sau nawa koci ya ga dama. Ɗan benci ba mai jiran tsautsayi ba ne, yana da rabonsa a kowane wasa.

Yi lissafin da kanka. A dokar FIBA (hukumar ƙwallon kwando ta duniya), wadda ake bi a nan gida da kuma gasar BAL ta kulob-kulob na Afirka, wasa minti 40 ne, zango huɗu na minti 10. Mutum biyar ne a fili, ke nan minti 200 za a raba. In kowanne cikin biyar ɗin farko ya yi minti 30, an ci 150, saura 50. Rubu'in wasa ke nan a hannun ƴan benci. A NBA kuwa wasa minti 48 ne, abin rabawa 240.

Kuma ba sai mintocin sun yi yawa suke kashe kulob ba. Ranar 12 ga Mayun 2019 Filadelfiya ta kara da Toronto a wasa na bakwai, na ƙarshe a jerin karawarsu, wanda ya faɗi ya koma gida. Joel Embiid, dogon Filadelfiya ɗan Yawunde, ya yi minti 45 a fili, kuma a cikinsu kulob ɗinsa ya fi Toronto da maki 10. Aka tashi 92 da 90, Toronto ce ta ci. Ma'ana a cikin minti ukun da ya zauna an fi su da maki 12. Kowa yana tuna jifan Kawhi Leonard da ya yi ta tsalle a bakin kwando kafin ya faɗa. Mintocin nan uku ba a cika tuna su ba, alhali su ne suka kawo wasan inda jifa ɗaya zai raba gardama.

To ta yaya ake gane gurbin da ya fi buƙatar gyara?

Ba ta duba takardar sunaye ba, a ce muna da lamba 2 guda uku, lamba 4 guda ɗaya, saboda haka a nemo lamba 4 (guraben fili biyar ɗin ne ake kira lamba 1 zuwa 5, daga mai raba ƙwallo, lamba 1, zuwa dogon ƙarƙashin kwando, lamba 5). Randa mai yoyo ba a ƙara mata ruwa, wurin da take zuba ake nema. Tambayar ita ce: wane ɗan wasa ne in ya zauna maki ke zubewa, kuma ta wace hanya suke zubewa?

Wannan ba ya buƙatar kwamfuta. Mataimakin koci ya zauna a ƙarshen benci da littafi da biro. Duk sa'ad da aka yi canji ya rubuta abu uku: lokacin da ke kan agogo, lambobin mutum biyar da ke fili, da makin kowane ɓangare. Layi zai fito kamar haka: zango na biyu, saura minti 8, lamba kaza ya fita, muna gaba da 6, saura minti 5, ya dawo, ana binmu 2. In aka tara wasa goma ko fiye, sai a zauna a haɗa. Galibi suna ɗaya ko biyu ne za su yi ta fitowa, kuma sau da yawa ba wanda ƴan kallo ke yi wa tafi ba ne.

Daga nan sai a koma hoton wasan, ko da wayar hannu aka ɗauka, a kalli waɗannan mintoci kaɗai. In ƙwallo ce ake ƙwacewa tun kafin a haye tsakiyar fili, matsalar mai riƙe ƙwallo ce. In abokan hamayya suna jefawa su ɓarar, su sake cafewa, su sake jefawa, matsalar tsawo ce da ƙarfi a ƙarƙashin kwando. In an tsare gida lafiya amma ƙwallo na ta yawo hannu zuwa hannu har daƙiƙa 24 da doka ta bayar don jefawa ta cika ba wanda ya yi ƙarfin halin jefawa, a nan ne ake buƙatar mai zuba maki. Ciwo uku ne daban, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Hattara da abu biyu. Wasa biyu ko uku ba hujja ba ne, domin rana ɗaya da hannun abokan hamayya ya yi zafi tana iya ɓata lissafin duka. Sannan a duba da wa mutum ya shiga. Yaron da kullum ake jefa shi fili tare da ƴan benci huɗu, lissafinsa zai yi muni ko da ba laifinsa ba ne.

In littafin ya nuna duka biyun, mai raba ƙwallo da dogo, wa za a fara nema?

A nan ne masana ke rabuwa, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Masu cewa dogo suna kafa hujja da laifi. A FIBA laifi biyar ke fitar da mutum, ba shida ba kamar NBA, kuma dogo shi ya fi kowa tara su, tunda duk wanda ya kutso kwando a jikinsa yake ƙarewa. In ya yi biyu a zangon farko, dole koci ya zaunar da shi. Sannan dokar FIBA ba ta hana mai tsaro ya kafe a ƙarƙashin kwandonsa, saɓanin NBA da ke ba shi daƙiƙa uku kacal, kuma da zarar ƙwallo ta taɓa bakin kwando an halatta a doke ta. Duk wannan yana ƙara wa tsawo daraja a irin wasanmu. Ko a NBA ɗin, Denver ta yi shekaru tana fama da mintocin da Nikola Jokić ke hutawa, har a 2025 ta je ta ɗauko Jonas Valančiūnas don ya riƙe masa wurin.

Duk da haka ni mai raba ƙwallo nake sawa gaba. Rashin dogo na biyu ana iya yi masa dabara: a tura lamba 4 ya riƙe gurbin na minti huɗu, a koma tsaron yanki, inda kowa ke tsare wuri maimakon mutum, a umurci mutum biyar duka su koma cafe ƙwallo maimakon gudu gaba. Za a sha wahala, amma za a rayu. Rashin mai riƙe ƙwallo kuwa ba shi da dabara. Duk wanda ya taɓa zama kusa da fili ya ga yadda abin ke faruwa. Lamba 1 ya ɗaga hannu yana haki, aka canza shi. Kocin ɗaya ɓangaren ya miƙe ya yi alama da hannu biyu, nan take mutum biyu suka rufe sabon shiga a bakin layi. Yaron ya sunkuyar da kai yana kallon ƙwallo, ya juya baya, ya tsayar da bugu, alƙali na ƙirga daƙiƙa takwas na haye tsakiyar fili da yatsu. Ko ya wurga ta sama a cafe, ko usur ya tashi. Sau uku a jere, maki shida sun tafi, kuma dogonka da ka kashe kuɗi a kansa yana can ɗaya gefen bai ko taɓa ƙwallo ba.

Wasan ƙarshe na NBA a 2025 ya nuna haka a mataki mafi girma. Tyrese Haliburton, mai raba ƙwallon Indiana, ya ji rauni a agara tun zangon farko na wasa na bakwai. Indiana tana da T.J. McConnell, ɗaya daga cikin mataimakan da suka fi iya aikin, shi ya sa har aka tafi hutun rabin lokaci suna gaba da maki ɗaya. Amma matsin Oklahoma ya sa suka zubar da ƙwallo fiye da sau 20, aka tashi 103 da 91. In kulob mai McConnell ya sha haka, ina ga wanda ba shi da kowa?

Akwai sharaɗi ɗaya. In a cikin biyar ɗin farko akwai mutum na biyu da ke iya hayewa da ƙwallo cikin matsi, to gurbin a rufe yake ko da ba a ga sunan a benci ba. A wannan hali dogo za a nema.

Ina batun mai zuba maki? Ba shi ne NBA ke ba kyauta duk shekara ba?

Shi ne. Tun kakar 1982-83 ake ba da kyautar gwarzon ɗan benci, kuma kusan kullum mai yawan maki ke ɗauka. Jamal Crawford ya ci sau uku, Lou Williams ma sau uku. Ƙwararru ne na gaske, amma ba wanda ya ɗaga kofin NBA a cikinsu. Ban ce laifinsu ba ne. Abin da nake cewa shi ne irin wannan ɗan wasa ya fi amfani a tsakiyar kaka, ranar da kowa ya gaji ana neman wanda zai tayar da wasa. In aka zo wasannin sili-ɗaya-ƙwale, abokan hamayya suna da lokacin nazari, kuma wanda ba ya tsaro shi za su yi ta nema da ƙwallo har koci ya fitar da shi.

Manu Ginóbili, wanda ya ci kyautar a 2008 kuma ya ɗauki kofi huɗu da San Antonio, wani abu ne daban: yana zuba maki, yana rabawa, yana ƙwacewa. In ka samu irinsa, kar ma ka tsaya karanta sauran shafin nan. In kuwa wanda ake tallata maka maki kaɗai ya iya, shi ne na uku ko na huɗu a layi.

Ƴan gefe, wato lamba 2 da lamba 3, fa? Ana cewa ba a taɓa cewa sun yi yawa.

Da gaskiya a ciki, amma ɗan gefe iri biyu ne kawai ya cancanci kuɗi. Na farko mai tsaro da ke iya riƙe gurbi biyu ko uku. Shi mutum ɗaya ne a takarda, amma yana toshe ramuka da yawa. Oklahoma ta ba da Josh Giddey ta karɓo Alex Caruso a 2024, mutumin da ba ya cika takarda da maki. A wasa na bakwai da Denver a 2025, Caruso da ya taso daga benci shi aka ɗora wa Jokić, wanda ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ya kuwa hana shi sakat. Andre Iguodala ma daga benci ya yi kakar 2014-15 da Golden State, sai da wasan ƙarshe ya yi tsanani aka sa shi cikin biyar ɗin farko don ya tsare LeBron James, ya ƙare a matsayin gwarzon wasannin.

Na biyu mai jifan maki uku na gaskiya. Layin yana nisan mita 6.75 a FIBA. Wanda ke saka ɗaya cikin uku daga can daidai yake da mai saka rabi daga kusa, kuma ko bai jefa ba, tsayuwarsa a kusurwa tana janye mai tsaro ɗaya daga ƙarƙashin kwando. Inda ake yawan tsaron yanki, shi ne mabuɗi. Sai dai a auna shi a wasa, ba a atisaye ba. Da yawa suna saka goma a jere in fili ba kowa.

Mutum nawa ake buƙata a benci?

Takardar wasa ta FIBA tana ɗaukar 12, amma da wuya koci ya yi aiki da fiye da takwas ko tara in wasa ya yi zafi. Saboda haka ainihin abin nema uku ne ko huɗu: mai riƙe ƙwallo, dogo, da ɗan gefe ɗaya ko biyu. Gara mutum uku da koci zai iya sawa saura minti biyar a tashi da mutum bakwai da yake tsoron waiwayawa ya kalla.

Abu biyu ke ƙara wannan adadi a wurinmu. Ɗaya zafi: a Afrilu da Mayu Yamai tana wuce digiri 40, kuma wanda zai yi minti 34 a lokacin sanyi ba zai yi su da ƙarfi ɗaya a lokacin bazara ba. Ɗayan kuma tsarin gasa. Wasannin share fagen shiga BAL, waɗanda AS Nigelec ta wakilci Nijar a cikinsu, ana tara kulob-kulob ne a gari ɗaya a yi ta bugawa kusan kullum. A rana ta uku ƙafa ce ke magana, kuma mutum na tara da na goma sun zama dole.

Kulob ɗinmu ba shi da kuɗin ɗauko kowa. Shi ke nan sai haƙuri?

A'a. Kafin a taɓa aljihu, a gyara jadawalin canji. Kuskuren da aka fi yi shi ne fitar da manyan ƴan wasa biyu lokaci ɗaya, a bar benci ya ci kansa. In kana da gwanaye biyu, ɗaya ya fita da wuri, tun minti na biyar ko na shida, ya dawo lokacin da ɗayan zai huta. Ta haka ba minti ɗaya da fili zai rasa mai ɗaukar nauyi. Wani lokaci da an yi wannan sai littafin ya nuna cewa ramin da ake shirin kashe kuɗi a kansa ya toshe da kansa.

Sannan a ba kowane ɗan benci aiki ɗaya da ya sani. Wanda aka ce masa "kai dai ka hana mai riga lamba 7 numfashi na minti huɗu" ya fi wanda aka ce masa "shiga ka taimaka" sanin abin da zai yi.

In an samu damar ɗauko baƙo daga waje, a benci za a sa shi?

Ba a ɗauko baƙo don ya zauna. Gurbin baƙi ƙidayayye ne. Lokacin da BAL ta fara a Kigali a 2021, ƙa'idarta ita ce baƙi kada su wuce huɗu, kuma waɗanda ba ƴan Afirka ba kada su wuce biyu, sauran duk ƴan ƙasa. Abin da ya fi shi ne a ɗauko wanda zai fara wasa a gurbin da ke yoyo, ɗan gida da ke riƙe da wurin ya koma na shida. Da kuɗi ɗaya an gyara wuri biyu.

Haka Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya yi a Toronto lokacin da yake shugabantar kulob ɗin. A Fabrairun 2019 ya ɗauko Marc Gasol daga Memphis, Serge Ibaka ya koma benci. A wancan wasa na bakwai da na ambata, yayin da Filadelfiya ta rasa wanda zai riƙe wa Embiid minti uku, Ibaka ya taso daga benci ya zuba 17. Toronto ta ɗauki kofin a shekarar. Wahalar abin ita ce shawo kan wanda za a mayar baya, kuma wannan aikin koci ne, ido da ido, kafin ya ji a bakin wani.

Mu kuma sau da yawa ƙofar ta ɗaya gefen take buɗewa, namu ne ake ɗauka. Abdoulaye Harouna ya buga BAL da FAP ta Kamaru a 2021, da AS Salé ta Maroko a 2022, da ABC Fighters ta Abijan a 2023. Abin alfahari ne ga ƙasa. Amma kulob ɗin da ke da gwani irin wannan ya san ba zai riƙe shi har abada ba, kuma wanda ke zaune bayansa a benci yau shi ne mai fara wasa gobe.

Tsohon hannu ko yaro mai tasowa?

Ya danganta da gurbi. Mai raba ƙwallo na biyu, tsohon hannu. Aikinsa kada ya firgita, kuma wannan shekaru ke koyar da shi. Dogo na biyu ma tsufa ba ya hana shi in an rage masa minti: Al Horford yana da shekara 38 lokacin da Boston ta ɗauki kofi a 2024, kuma shi ya riƙe gurbin sa'ad da Kristaps Porziņģis ya ji rauni.

Gefe kuwa na yara ne, inda gudu da naci ke rufe kuskure. In kuma Allah ya ba ku dogon yaro, a yi haƙuri da shi a riƙa ba shi mintoci ko yana ɓarna, domin dogaye ba sa nuna da wuri. Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya fara shiga BAL yana ƙaramin yaro ta shirin da ke raba ɗaliban makarantar NBA ta Senegal ga kulob-kulob, a 2025 kuma shi ne na 10 a zaɓen sababbin ƴan wasan NBA.

Shugaban kulob ya nace sai an ɗauko wani da ya gani ya zuba mana maki 30. Yaya koci zai yi?

Ba da musu ba, kuma ba a gaban yara ba. Ya same shi da littafin a hannu. "Ranka ya daɗe, yaron gwani ne, ba shakka. Amma dubi nan: wasa shida da muka faɗi, biyar a farkon zango na biyu aka wuce mu, lokacin da lamba 1 ke hutawa. Wanda kake so ba ya riƙe ƙwallo. In muka ɗauko shi, a nan ɗin dai za a sake cin mu." Mai kuɗi ya fi saurin yarda da abin da ya gani a rubuce. In ya ce, "Koci, ni dai ina son yaron," to a roƙi a haɗa da ƙaramin gurbin da ake buƙata, tunda mataimakin mai raba ƙwallo ba ya kai kuɗin mai maki 30.

A kuma tuna masa a hankali cewa maki 30 ɗin a kanmu aka zuba su. Wataƙila abin da ya gani ba gwanintar yaron ba ce kaɗai, rashin mai tsaron gefe ne a wurinmu.

Yaushe ya kamata a yanke shawara?

Ba daren da aka sha kashi ba. A bari kaka ta ƙare, a haɗa littafin, a tambayi kowane ɗan wasa shirinsa, domin a nan da yawa ɗalibai ne ko ma'aikata, kuma jarrabawa ko canjin wurin aiki na iya buɗe gurbin da ba a yi zato ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai riƙe ƙwallo yana buƙatar makonni yana atisaye da sauran kafin ya san wa ke son ta a ƙirji, wa ke son ta a sama.

Kafin a sa hannu, a gayyace shi atisaye, a haɗa shi da ƴan benci huɗu, a sa biyar ɗin farko su matsa masa daga layi zuwa layi na minti biyar ba hutu. In dogo ne, a ƙirga laifin da ya yi da ƙwallon da aka cafe a kansa. In mai raba ƙwallo ne, a ƙirga sau nawa ya haye tsakiya kansa a ɗage.